Direban da ya ari wuyan ƙaninsa

A tashar kamfanin manyan motocin fasinja da ke bayan kasuwar kayan gini, ba wanda ya san shi da wani suna sai Dogon Zango. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan bas mai kujera hamsin da biyu, a hanyar da ake shafe awa goma sha ɗaya kafin a kai. Shekarunsa hamsin da ɗaya. Yana da mata, da 'ya'ya biyar, da tumbi mai gogar sitiyari, da muryar da idan ya ɗaga ta a yadin ajiye motoci ake jiyo ta har ofishin manaja. Yana shan kwalin sigari a rana, yana cewa rabin kwali ne. A takardun kamfani bai taɓa faɗuwa gwajin lafiya ba. Dalilin ba shi da nisa: bai taɓa zuwa ba.

Dogon Zango mutum ne mai aike, kuma ɗan aikensa ɗaya ne tun suna yara. Ƙaninsa ne, wanda ya ba shekara uku, mai gyaran agogo a wani ɗan shago a ƙarƙashin matattakalar wani bene. Siriri ne, mai magana ƙasa-ƙasa, ba ya shan taba, ba ya son abu mai maiƙo. Unguwa na kiransa Mai Agogo, wansa kuma yana kiransa Ƙaramin, ko da yake furfura ta fara fito masa.

Lokacin da suke makaranta, in wa ya yi laifi, ƙane ne ke zuwa ba malami haƙuri. Da ƙwallon wa ta faɗa bayan shingen waya, ƙane ne ya tsallaka, wayar ta yanke shi a ƙarƙashin haɓa ta hagu, tabon yana nan har yau. Da mahaifinsu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida yana ɗan shekara hamsin da huɗu, ƙane ne ya ɗauke shi zuwa asibiti, ya kuma dawo da gawa. Da matar Dogon Zango ta buƙaci jini a haihuwarta ta uku, ƙane ne ya miƙa hannu, don maigidan ba ya son ganin allura.

A tsakanin direbobin kamfanin wannan ba abin kunya ba ne. Suna da sunan da suka ba shi: aro. Wanda idonsa ya fara hazo sai ya tura wani mai ido ya karanto masa haruffan allo. Wanda ke haɗiyar ƙwayar hana barci sai ya shigo da fitsarin maƙwabci a kwalba. Takardar da kamfani ke bayarwa suna ne kawai a jikinta da lambar ma'aikaci, babu hoto. Akawun asibiti zai kira suna, duk wanda ya ce na'am shi ne mai shi. Mutanen da ke ɗaukar rayuka hamsin a bayansu kullum, haka suke duba lafiyarsu.

Sai wata rana da tsakar rana wani direbansu ya gangara da bas gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kifa kai a kan sitiyari, bai sake ɗagowa ba. Fasinja arba'in da takwas ne a ciki. Bayan wata biyu kamfani ya fitar da sanarwa: duk direban da ya haura shekara arba'in da biyar sai an yi masa hoton jijiyoyin wuya.

Matar da ke ɗaukar hoton, wadda direbobi suka laƙaba wa Mai Hoto, ta yi shekara goma sha huɗu a kan na'urar. Irin wadda ake duba cikin masu juna biyu da ita ce, sai dai a wuya ake ɗora kanta. Da na je wajenta neman wannan labari, ta yi mini bayani a taƙaice. A kowane gefen wuya akwai babbar jijiya mai kai jini zuwa kai, tana kusa da fata, ana ganinta a allon na'ura kamar bututu. Ana auna kaurin bangonta, ana duba ko kitse ya taru ya daskare a jikinsa. Ba zuciya ake kallo ba, amma jijiyoyin mutum tare suke tsufa. In na wuya sun yi datti, ba kasafai na zuciya ke zama fes ba.

"Hoton ba ya faɗar ranar da mutum zai faɗi," in ji ta. "Yana dai nuna wanda ya kamata ya fara shan magani tun yana kan ƙafarsa."

Dogon Zango ya karɓi takardarsa, ya dubi tumbinsa, ya nufi shagon ƙaninsa.

"Ƙaramin, gobe da safe kada ka buɗe. Akwai aike."

"Yaya, agogon mutane bakwai ne a gabana."

"To agogon da ya tsaya ina zai je? Za ka dawo ka same shi."

"Allura ce kuma?"

"Ba allura. Kwanciya kawai za ka yi, a shafa maka mai a wuya kamar jariri. Kai da ba ka da kitsen da zai soya ƙwai ɗaya, me na'ura za ta gani a jikinka?"

Mai Agogo ya cire madubin da ke maƙale a idonsa, ya karɓi takarda.

Washegari akawu ya kira sunan wa, ƙane ya ce na'am. Aka gwada jininsa, aka ga ya hau. Aka shigar da shi ɗakin hoto, ɗaki mai labule mai kauri da gado siriri. Mai Hoto ta sa ya kwanta, ta juya masa kai gefe, ta shafa masa man nan mai sanyi. Ta lura da tabon haɓarsa don a daidai nan take fara ɗora kan na'ura. A dama ta ga ƙullutu biyu na daskararren kitse, a hagu ɗaya. Ta auna, ta goge, ta sake aunawa.

"Malam, kana shan taba?"

"A'a."

"Mahaifinka yana da rai?"

"Ya rasu. Faɗuwa ya yi a ƙofar gida."

"Ƙirjinka yana kama ka?"

"Wani lokaci, in na hau bene."

"Tuƙin fa, ba ya wahalar da kai?"

Mai Agogo bai iya ƙarya ba. Sai kawai ya ce, "Da godiya."

A tsarin asibitin ba ita ke faɗar sakamako ba, aikin likita ne. Ta miƙa masa takardar goge wuya, ta ce, "Ka dawo ran Alhamis ka ga likita. Da kanka za ka zo, kada ka aiko kowa."

Ya kai saƙon kamar yadda ya saba kai kowane saƙo. Ran Alhamis Dogon Zango ya je da kansa, tunda karɓar takarda ba ta da allura. Likitan yana da direbobi arba'in a layi, fayil ya fi kallo a kan fuska. Ya karanta, ya ɗago, ya ga mutum mai tumbi yana warin taba, bai ga abin mamaki ba.

"Malam, wuyanka ya girme ka da shekara ashirin. Irin wannan hoton, haɗe da hawan jininka da yadda mahaifinka ya rasu, ba abin jira ba ne. Kana cikin masu haɗarin bugun zuciya ko shanyewar jiki. Ga magani iri biyu, ɗaya na rage kitsen jini, ɗaya na hawan jini. Yau za ka fara. Za mu kuma duba zuciyar kanta. Zan rubuta wa kamfani su sauke ka daga doguwar hanya tukuna."

A kan kujerar nan Dogon Zango ya san wuyan wa ake magana a kai. Ya kuma san abin da zai biyo baya in ya buɗe baki: ƙane zai zo asibiti, za a tambayi yadda aka yi hotonsa ya shiga fayil ɗin wani, kamfani zai ji, a kore shi bayan shekara ashirin da shida. Abin da ya ce wa likita shi ne, "Ita wannan na'ura taku, ba ta kuskure ne?"

Daga ƙofar asibitin zuwa shagon gyaran agogo na taka da ƙafata, na duba lokaci. Minti tara ne. Dogon Zango ya yi kwana uku kafin ya ci wannan tafiyar, kuma ga abin da ya kai.

"Kai dai ba a aikenka a huta. Ka yi ta haɗiyar miyau, hoton ya lalace. Dole suka sake ɗauka da nawa wuyan, ga shi sun ce wai ina da ciwo. Sun sauke ni daga hanya."

"Subhanallahi. Yaya, wallahi ban san na motsa ba."

"Ai ba za ka sani ba."

Kamfani ya mayar da shi yadi, yana jera motoci, yana duba iskar taya, yana rubuta lambar wadda ta fita. Abokan aikinsa suka sauya masa suna nan take. "Gajeren Zango, matso da wannan gaba kaɗan!" Yana jin haushin sunan fiye da komai a cikin lamarin.

A gida kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Matarsa ta tsinci maganin a aljihun rigar aikinsa, ta kai wa mai kemis ya faɗa mata ko na mene ne. Ta dawo tana kuka. Ta cire mai da gishiri daga girki, ta hana yara kunna rediyo, ta ɗauko kujera mai laushi ta ajiye masa a bakin taga. Dogon Zango ya zauna a kai ya miƙe ƙafa. Kowace safiya tana miƙa masa ƙwaya biyu da ruwa, ta tsaya sai ya kai baki. Yana ɓoye su a kumatu, in ya sauko ƙasa ya tofar a kwata. Ya san ba nasa ba ne, yana tsoron kada su yi masa illa. Da lafiyarsa dai bai taɓa wasa ba.

'Yan'uwa suka riƙa zuwa dubiya. A mako na uku Mai Agogo ya zo da lemo a leda. Gidan a hawa na biyu yake. Matar ta ce ta leƙo ta gan shi ya tsaya sau biyu a matattakala, hannunsa ɗaya a kan ƙarfen riƙo, ɗaya a ƙirji. Dogon Zango ma ya gan shi, don daga kujerarsa ana hango matattakalar.

"Kai ma ka cika lalaci," in ji shi, da ƙanen ya shigo yana haki. "Bene biyu kawai."

"Tsufa ne, Yaya. Ya jikin?"

"Sai a hankali."

"Kullum ina tunani, da na riƙe miyauna da duk wannan bai same ka ba."

"Ya wuce. A dai kiyaye gaba."

Ya ɓare lemon ya sha. Matar ta ce uku ya sha a zaman.

Mako bakwai aka yi a haka. Ba tausayi ne ya kawo ƙarshensa ba, sunan Gajeren Zango ne. Dogon Zango ya yi tunani ya ga cewa duk lalacewar wuyansa ba zai kai na takardar ba, sai ya rubuta wa manaja cewa ya ji sauƙi, yana neman a sake yi masa hoto. A karon farko a rayuwarsa ya kwanta a gadon gwaji da jikinsa, bayan ya tambaya sau biyu ko da allura.

Mai Hoto ta ɗora kan na'ura a dama, ta zagaya hagu. Bangon ya ɗan yi kauri, kamar na mai shan taba ɗan shekara hamsin, amma babu ƙullutu ko ɗaya. Ta buɗe tsohon hoton da ke cikin na'urar da sunansa, ta jera su biyu a allo. Sannan ta kama haɓarsa ta ɗaga.

"Ina tabon?"

"Wane tabo, Hajiya?"

"Wanda ke nan mako bakwai da suka wuce."

"Ai na yi ta shafa man zaitun."

"Ƙullutu ukun nan fa, su ma man zaitun ne?"

"Addu'a ce, Hajiya, da kiyaye abinci. Maman yara ko gishiri ba ta sa mini."

"Malam, tashi zaune. Shekarata goma sha huɗu a ɗakin nan. Kitsen da ya daskare a jijiya ba ya tattara kayansa ya tafi a mako bakwai. Jijiyar nan ma ba a wuri ɗaya ta rabu biyu da waccan ba. Wuyan mutum biyu ne a gabana. Na wane ne na farkon?"

Ya dubi labule. "Kamfani zai ji?"

"Na ce na wane ne?"

"Ƙanina ne. Amma Hajiya, ke ma mai iyali ce. In kamfani ya ji…"

"Ya san abin da aka gani?"

"Ina shirin faɗa masa."

"Maganin da likita ya bayar fa?"

Ya sake duban labule.

Mai Hoto ta gaya mini cewa ta ƙirga. Sau huɗu ya tambaye ta ko kamfani zai ji. Bai tambaye ta ko sau ɗaya ba yadda ciwon ƙanin nasa ya kai. Ta ce masa yanzu za ta shiga ta sanar da likita, kuma ba za ta sa hannu a sabon hoto ba sai mai tsohon wuyan ya kwanta a gadon nan da sunansa.

Minti tara ne zuwa shagon, kamar yadda na ce. Dogon Zango ya hau mota ya tafi gida, ya zauna a kujerarsa mai laushi.

"Maman yara, in kin gama, leƙa wajen Ƙaramin ki ce masa ana nemansa a asibiti, ɗakin hoto."

"Me ya haɗa shi da ɗakin hoto?"

"Ke dai kai saƙo."

"Baban yara, me ya haɗa shi da ɗakin hoto?"

Shekara ashirin da huɗu suna tare, ta san yadda ake zare magana daga bakinsa, kaɗan-kaɗan kamar ƙaya. Da ta gama zarewa ba ta yi kuka ba. Ta buɗe durowa ta ɗauko ragowar maganin, ta yafa mayafi. A bakin ƙofa ta juyo.

"Wanda nake ba ka kowace safiya, ina yake zuwa?"

"Kwata."

"Jinin yaron nan ne a jikina," in ji ta, ta ja ƙofa.

Ta samu Mai Agogo ya sunkuya a kan wani agogon hannu, madubi a ido. Da ya gan ta ya fara tsokanar da suka saba.

"A'a, matar Yaya da kanta. Ko an kawo mini abincin marasa gishirin ne in taya ku?"

Ta ajiye kwalin maganin a kan tebur, a tsakanin ƙananan sukurori.

"Rufe shagon nan. Hoton farko bai lalace ba. Naka ne. Duk abin da likita ya faɗa, kai ya faɗa wa."

Ya cire madubin a hankali. Ya dubi kwalin, ya ga sunan wansa a jiki. Ya kai hannu ya shafa wuyansa.

"Tun yaushe ya sani?"

"Tun ran Alhamis ɗin farko."

"Ranar da na kawo lemo ma?"

"Har ranar."

Ya miƙe. Ya tattara sukurorin ya zuba a murfin kwalba don kada su ɓace, ya ja ƙofar shago, suka tafi. A hanya sau ɗaya ya tsaya ya huta.

Aka buɗe masa kati da sunansa, na farko da ya taɓa mallaka a wani asibiti, shi da ya sha amsa sunan wani a cikinsu. Mai Hoto ta ɗaga haɓarsa ta ga tabon, ta ce, "Sannu da zuwa. Ai na ce kada ka aiko kowa." Ƙullutu ukun suna nan inda ta bar su. Likita ya duba zuciyar, ya ce kamun ƙirjin nan ba tsufa ba ne, jijiyoyin zuciyar ne suka fara tsukewa. Ya ɗora shi a kan magani a ranar, ya ƙara masa wani, ya sa masa ranar dawowa. Ya ce sun same shi yana kan ƙafarsa, kuma wannan shi ne amfanin hoton. Game da mako bakwai ɗin da suka tafi, ya ce ba wanda zai iya dawo da su.

Wata biyar ke nan. Mai Agogo yana shan maganinsa ƙarfe takwas na safe, ba ya kuskure minti, ga agogo goma sha biyu a bango suna tuna masa. Ya ce yanzu yana hawa bene biyu ba tare da ya tsaya ba, in ya bi a hankali.

Likita ya gyara fayil, kamfani ya ji. Tun daga lokacin ana manna hoton direba a takardar gwaji. Direbobin sun daina yi wa Dogon Zango magana, ba don abin da ya yi wa ƙaninsa ba, sai don ya toshe musu hanyar aro. An dakatar da shi, an ce ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa. Na same shi a rumfar mai shayi da ke kallon tasha, yana busa sigari, yana ba duk mai saurare labarin yadda ya ceci ran ƙaninsa.

"Ku duba fa," in ji shi. "Da ban tura shi ba, wa zai san yana da ciwo? Amma ko na gode bai ce mini ba. Ɗan'uwa ke nan."

Kujera mai laushi ta koma ɗakin yara. Gishiri ya dawo cikin girki.

Ana jibi kwamiti zai zauna, ina shagon Mai Agogo, sai ga babbar 'yar Dogon Zango ta shigo, malamar makaranta ce, ta gaishe shi, tana ta murza bakin mayafi.

"Baba Ƙarami, Baba ya ce wai don Allah ka je wajen kwamitin nan jibi. Ka ce musu kai ka matsa masa ya ba ka takardar, don kana son a duba ka kyauta. Ya ce in kai ka faɗa za su yarda, tunda kai ba ka ƙarya."

Mai Agogo ya ɗaga wani agogo ya kai kunne, ya saurara, ya ajiye.

"Ina ne wajen kwamitin?"

"A babban ofishin kamfani, hawa na uku."

"To ki ce masa ya je da kansa. Ya san hanya, ai direba ne."

Ya mayar da madubi a ido, ya ɗauki ɗan sukurdirebansa.